Kalmomin Jirgi da Fito a Gulbin Kebbi

Garin Kalgo yana kudu da Birnin Kebbi, cikin ƙasar Gwandu, daura da fadamar Gulbin Kebbi. Wannan gulbi shi ne ya biyo ta Argungu, ya haɗu da Gulbin Zamfara a wajen Bunza, sa'an nan ya gangara ya faɗa Kwara. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, sai ruwa ya rufe fadama, manomin shinkafa da falke da almajiri kowa ya koma ga jirgi. To, masu jirgi suna da maganarsu ta sana'a, wanda bai san ta ba kuwa yakan ba da ransa da dukiyarsa ga abin da bai fahimta ba.

Da fari, sunan abin hawan. Jirgi a asalin Hausa na ruwa ne, shi ne malamai ke fassara safina da fulku da shi. Sai daga baya aka ari sunan aka ce jirgin ƙasa, aka ce jirgin sama. Kwalekwale shi ne ƙarami, na mutum kaɗan, ko wanda aka fafe daga gungume guda, ko wanda aka haɗa da katako. Babba mai ɗaukar buhuna da dabbobi yanzu inji ake ɗaura masa a baya. Gaban jirgi shi ne goshi, bayansa shi ne gindi, can matuƙi yake zama domin daga nan ake juya shi.

Na biyu, kayan tuƙi. Filafili shi ne itace mai faɗin baki da ake tunkuɗa ruwa da shi. Gwangwala ita ce doguwar sanda ta tukurwa, ana kafa ta a ƙasa a ingiza jirgi. Gwangwala kuwa ma'auni ce: muddin tana taɓa ƙasa, ruwa bai yi zurfi ba, idan matuƙi ya ajiye ta ya ɗauki filafili, to, an shiga zurfi, sai kowa ya natsu. Kwarfa ita ce ɗebe ruwan da ya shigo da ƙwarya ana zubarwa. Jirgin da ake kwarfarsa tun bai bar gaɓa ba, ya riga ya faɗi halinsa.

Na uku, sunayen ruwa da ƙasa. Gaɓa ko gaci bakin gulbi ne, hayi kuwa wancan ɓangaren. Mashigi inda ake shiga ruwa a ƙetare. Gungu shi ne tsibiri, daga nan aka sami sunan Gungawa na ƙasar Yawuri. Gurbi wuri ne mai zurfi da ba ya ƙafewa da rani. Igiyar ruwa ita ce tasowarsa da jansa. Idan aka ce jirgi ya cije, wato ya hau yashi ya tsaya. Idan aka ce ya kife, ya juya cikinsa ƙasa. Idan aka ce ya nutse, ruwa ya shanye shi. Masu bin Kwara kuma suna rarrabe cika biyu: farin ruwa na damina, mai laka, da baƙin ruwa wanda yake isowa da sanyin hunturu daga duwatsun ƙasar Gini ta hanyar Mali.

Na huɗu, mutanen ruwa. Fito shi ne ƙetarar da mutane da kaya, Kabawa da Sakkwatawa sukan ce hito. Kuɗin fito shi ne ladansa. Sarkin Ruwa shi ne shugaban masunta da masu jirgi, shi ya san lokacin da ruwa ya hana shiga. Sarkawa su ne masuntan asalin Kabi da suka bazu har bakin Kwara. Mai son ganin gwanintarsu sai ya je bikin su na Argungu, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, inda ake tseren jirage da wasannin kabanci.

Malamai sun san fito yana da hukunci. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa mai jirgi ba shi da lada sai ya isar, kuma ba a ɗora masa ramuwar kayan da suka halaka. Amma fa wannan rangwame na wanda bai yi sakaci ba ne. Wanda ya lafta wa jirginsa abin da ya fi ƙarfinsa don kwaɗayin kuɗin fito, ya fita daga wannan inuwa.

Ba zancen baka ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kwara ta zama tafki mai faɗi a kudancin Yawuri, da kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, cikin Ngaski, mutane masu yawa suka rasu, galibinsu masu neman abinci. Saboda irin wannan ne hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, take horo da sa rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, da barin tafiyar dare.

Saboda haka falke ya dubi abu uku kafin ya sa ƙafa: tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi bayan an gama lodi, da yawan kwarfa, da maganar Sarkin Ruwa. Idan ruwa ya kusa lasar baki, ya sauke kayansa ya jira na baya, ko da kasuwa za ta watse. Ribar kasuwa guda ana samunta a wata, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Allah ya fisshe mu lafiya, amin.