Neman Na Kai Ba Neman Ajali Ba Ne: Abin Da Ya Kamata Matashi Ya Sani Kan Kare Kansa A Wurin Aiki

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook ya san irin bidiyon nan. Matashi a saman bene hawa uku, ya tsaya kan katako ɗaya tal yana yaɓe, babu igiya a ƙugu, babu hular kwano, silifas ne ma a ƙafarsa. Ko mai walda ya runtse ido yana ɗinke ƙarfe, tartsatsi na zuba a kan singiletinsa. Sai mu yi ta yabo: namijin duniya, Allah Ya sa wa nema albarka. Mu tura wa abokai, mu wuce.

Abin da ba a cika ɗauka a bidiyo ba shi ne ranar da katakon ya karye, da watannin da za a yi ana jigila tsakanin asibiti da mai ɗori, da uwar da za ta sayar da akuyarta don biyan kuɗin magani. Yawancinmu matasa muna cikin irin waɗannan ayyuka. Wani ɗalibi ne da rana, da yamma yana gareji. Wata tana ɗinki ko tana shagon gyaran gashi. Wasu kuma makaranta ce ta tura su masana'antu koyon aiki na wata shida. To mene ne ya kamata mu sani kafin mu sa hannu a inji?

Girman matsalar

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar da ƙiyasi a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu. Abin lura a nan, kimanin dubu 330 ne suka mutu ta hanyar haɗari irin na faɗowa ko gobara. Sauran miliyan 2.6 cututtuka ne suka kashe su, waɗanda aikin ya jawo a hankali, kamar ciwon zuciya da sankara da ciwon huhu. Ban da waɗannan, wasu miliyan 395 sun ji raunin da bai kai ga rasa rai ba.

Ƙungiyar ta kuma ce matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 sun fi manya yawan jin rauni a bakin aiki, da bambancin da kan kai kashi 40 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sabon yaro bai san halin injin ba, yana jin kunyar tambaya, yana son ya burge Oga, sannan shi ake tura wa aikin da kowa ke gudu. In an ce wa zai shiga ramin nan, ai ƙaramin yaron shago ake kallo.

Haɗarin da ido ba ya gani

Kowa ya san wuƙa na yanka, wuta na ƙuna. Wanda ya fi cin mutane shi ne haɗarin da ba ya nuna kansa a ranar.

Ɗauki walda. Hasken da ke fita yana ƙona fatar saman ido, amma zafin ba ya zuwa sai bayan sa'o'i, galibi cikin dare, mutum ya ji kamar an watsa masa yashi a ido. Baƙin tabarau na gayu da ake sayarwa a bakin titi ba ya tare wannan haske yadda ya kamata. Garkuwar walda mai gilashi na musamman ce maganinsa, kuma yaron da ke riƙe wa Oga ƙarfe ma yana buƙatar kariya.

Ƙara ma haka take. Masana sun sa iyaka a ma'aunin desibel 85 na tsawon sa'a takwas. Ba sai kana da na'urar awo ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, to ƙarar wurin ta yi yawa. Masu injin niƙa da na yankan katako da masu kwana kusa da babban janareta su lura, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Sai ƙura. Mai fasa dutse da mai yankan tayil suna shaƙar ƙurar da ke taruwa a huhu tana tabo, shekaru su wuce kafin tari da haki su bayyana, kuma tabon ba ya gogewa. Jiƙaƙƙen siminti kuwa yana cin fata, shi ya sa za ka ga ƙafar lebura ta tsattsage. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari. A kunna shi a cikin shago a rufe ƙofa saboda tsoron ɓarayi, sai ciwon kai da jiri, sai barcin da ba a tashi.

Akwai kuma rijiya da masai da tankin mai. A irin waɗannan wurare iskar numfashi kan yi ƙaranci ko guba ta taru a ƙasa. Mun sha jin labarin: mutum ɗaya ya shiga bai fito ba, na biyu ya bi don ceto, na uku ma haka, a ƙarshe gawa uku za a fito da ita. Ƙa'idar ita ce kada kowa ya bi wanda ya faɗi a rami sai da igiya da mutane a sama da hanyar samun iska.

'Yan mata, wannan taku ce musamman: mayafi ko hijabi mai jan ƙasa kusa da bel ɗin injin markaɗe haɗari ne babba. Daƙiƙa ɗaya ta isa ya naɗe. A tattare shi a soke, kuma a sa wa bel ɗin murfi.

Ko masu aikin zama ba su tsira ba. Tela da mai gyaran waya da mai POS suna wuni a sunkuye, baya da wuya da ido na biya. Wani bincike na haɗin gwiwar ILO da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum dubu 745 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Wanda ke alfahari da cewa shi ba ya hutawa ya sake tunani.

Darasin Zamfara

In ana neman shaidar cewa haɗarin aiki kan bi mutum har gida, ba sai an je nesa ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Masu haƙar zinare suna kawo dutsen gida, a daka a niƙa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen na ɗauke da dalma, ƙurar ta bi ƙasa da kwanuka da tufafi. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki a yankin.

Iyayen nan abinci suke nema wa 'ya'yansu. Babu wanda ya gaya musu abin da ke cikin ƙurar. Matakan da aka koya wa jama'a daga baya kuwa masu sauƙi ne: a fitar da niƙan daga cikin gari, a jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta, a yi wanka a canza kaya kafin a koma gida. Mai feshin maganin ƙwari a gona da mai fentin mota da mai fasa tsohon batir duk wannan darasi ya shafe su. Kayan aiki su tsaya a wurin aiki, kada a ɗauki jariri da su.

Matakai biyar, daga mafi ƙarfi

Da an ce kariya, tunaninmu kan tafi ga hular kwano da safar hannu. A wajen masana kuwa, waɗannan su ne matakin ƙarshe. Ga yadda suka jera abin.

Na farko, a kawar da haɗarin gaba ɗaya. In za a iya haɗa ƙarfen a ƙasa sannan a ɗaga shi, babu dalilin hawa sama a yi walda.

Na biyu, a musanya da abin da ya fi sauƙin illa. Makaniki ya wanke hannu da sabulu maimakon fetur, ya zuƙo mai da ɗan famfo maimakon tiyo da baki.

Na uku, a raba mutum da haɗarin: murfi a kan bel, shinge a bakin bene, janareta a waje nesa da taga, ruwa a kan tayil lokacin yanka.

Na huɗu, a gyara tsarin aiki. A koya wa sabon yaro kafin a bar shi da inji. A kashe wuta daga tushe kafin a taɓa waya, kuma a gaya wa kowa kada ya kunna. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, a yi aiki mai nauyi da sassafe, a riƙa shan ruwa ana hutawa a inuwa.

Na biyar ne kayan sawa: takalmi mai kauri, safar hannu, takunkumi, toshin kunne, garkuwar ido. Suna da amfani ƙwarai, amma ranar da aka manta su a gida kariyar ta ƙare, alhali murfin inji yana nan ko ka tuna ko ba ka tuna ba.

Me doka ta ce?

Najeriya na da dokar masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, da samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa. A 1994 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar ILO mai lamba 155. Abubuwa biyu a cikinta sun cancanci kowane matashi ya haddace: ba ma'aikaci ne zai biya kuɗin kariyarsa ba, sannan wanda ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin rayuwarsa na cikin haɗari na kusa, bai kamata a hukunta shi ba.

Sai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma doka ta hana a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. In an ji rauni, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Don haka in za ka kama aiki a kamfani, tambayi ko sun yi rajista. In rauni ya faru, ɗauki hoto, adana takardun asibiti, rubuta rana da sunayen waɗanda suka gani. Wayar da muke ɗaukar bidiyon rawa da ita, ga inda za ta yi rana.

Gaskiyar magana, yawancin matasanmu suna aiki ne a gareji da kasuwa da gona da bakin titi, inda babu takardar ɗaukar aiki balle mai zuwa duba wuri. A can, ƙungiyoyin masu sana'a ne ke da ƙarfin faɗa a ji. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin biki da na ta'aziyya za ta iya sayen garkuwar walda da tukunyar kashe gobara, ta kuma sa doka cewa ba a yaye yaro sai ya san ƙa'idojin kariya.

In tsautsayi ya faɗa

Ƙuna: a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. Sinadari a ido: a yi ta kwarara ruwa mai tsafta na minti 15 ko fiye, sannan asibiti. Jini: a danne da tsumma mai tsafta. Al'adar zuba man birki ko baƙin mai a kan ciwo a gareji tana ƙara illa ne, kuma yankan ƙarfe ko ƙusa na buƙatar a duba batun allurar tetanus. Lantarki ya kama mutum: kada ka taɓa shi, kashe wutar tukuna ko ka ture wayar da busasshen katako. Wanda ya faɗo daga sama kuwa, kada a yi gaggawar ciccibarsa, domin in ƙashin baya ko na wuya ya taɓu, mugun ɗauka na iya nakasa shi har abada.

Yadda za ka yi wa Oga magana

Nan ne gizo ke saƙar. Yaron shago ba ya iya cewa ba zan yi ba kai tsaye, kuma ba a ce ya yi rashin kunya ba. Amma akwai hanya. "Oga, don Allah a nuna mini sau ɗaya kafin in taɓa." "Maigida, wayar nan ta ɓare, in naɗe ta kafin mu fara?" "Hajiya, in an buɗe tagar nan warin maganin zai ragu." Mai aiki mai hankali ya san kuɗin safar hannu bai kai kuɗin ɗinkin yatsa ba, kuma ranar da yaro ya kwanta, aiki ma ya kwanta.

Za ka ji wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, amma malamanmu sun koyar da mu cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali. Mai wannan maganar ma ai yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu in dare ya yi.

Gobe in ka isa wurin aiki, kafin ka ɗauki komai, tsaya minti biyu ka dubi wurin. Me zai iya ji mini ciwo a nan? Me zan iya gyarawa yanzu? In wuta ta tashi, ta ina zan fita, kuma ƙofar a buɗe take? Sannan ka kira sabon yaron da aka kawo makon jiya, ka nuna masa abin da ka gani.