Yadda Aka Ƙera Jirgin Saman Da Ke Tashi Tsaye

Duk wanda ya taɓa zuwa filin jirgin sama ya san jirgi ba ya tashi sai ya sheƙa a guje bisa doguwar hanya mai kwalta. Ga jirgin yaƙi kuwa, wannan hanya ita ce lagonsa. Cikin shekarun 1950, sa'ad da ake zaman doya da manja tsakanin ƙasashen Yamma da Tarayyar Sobiyet, hafsoshin Ƙungiyar Tsaro ta NATO suka lura cewa bamabamai kaɗan sun isa su farfasa hanyar, jirage su zauna a ƙasa kamar kaji a akurki. Jirgi mai saukar ungulu ba ya bukatar hanya, amma ba shi da gudu. Abin da ake nema shi ne jirgi mai tashin ungulu da gudun shaho.

Masu ƙira da yawa sun ɗauka maganin abin shi ne a ƙara injuna. Jirgin gwaji na Ingila mai suna Short SC.1 injuna 5 gare shi, 4 na ɗagawa, 1 na tafiya. Aibin wannan dabara shi ne, da zarar jirgi ya kama hanya, injunan ɗagawa sun zama kaya kurum.

Cikin 1956 wani injiniya Bafaranshe, Michel Wibault, ya kawo shawara dabam, watau a yi amfani da inji guda, a riƙa juya iskar da yake hurawa. Shawarar ta kai ga kamfanin Bristol na Ingila, inda Stanley Hooker da mutanensa suka sauƙaƙa ta, suka ƙera injin da aka sa wa suna Pegasus. Amurka ce ta biya kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin injin. Cikin 1957 kuma Ralph Hooper na kamfanin Hawker, a ƙarƙashin Sydney Camm, ya fara zanen jirgin da zai ɗauke shi, aka ba shi lamba P.1127. A shekarar nan ce Gwamnatin Ingila ta ba da sanarwa cewa makamai masu linzami za su gaje yawancin aikin jiragen yaƙi, saboda haka da kuɗinsa kamfanin ya fara aikin, kafin daga baya Gwamnati ta ba da kwangila.

Injin yana da bututu 4, biyu a kowane gefe. Na gaba suna fitar da iskar da fankar injin ta matsa, na baya suna fitar da iska mai zafi. Duka huɗun tare suke juyawa, da sanda guda a hannun hagun matuƙi. In sun dubi ƙasa jirgi ya ɗaga, in sun dubi baya ya miƙe. Amma jirgin da ke tsaye cik a sama fikafikansa ba su da amfani, don babu iska mai bi ta kansu. Shi ya sa aka sa waɗansu ƙananan kafofi a hanci da wutsiya da bakin fikafikai, masu feso iska daga injin, don matuƙi ya daidaita jirgin kada ya karkace.

Ran 21 ga Oktoba 1960 aka yi gwajin farko a filin Dunsfold da ke kudancin Ingila. Ƙarfin injin da ƙyar ya ɗara nauyin jirgin, sai da aka cire duk abin da ba dole ba, aka zuba man da zai yi 'yan mintoci kawai. Aka ɗaure jirgin da igiyoyi kamar doki a turke. Matuƙin gwaji, Bill Bedford, ya shiga da ƙafarsa a ɗaure, don bai daɗe da karyewa a haɗarin mota ba. Jirgin ya ɗan ɗaga, ya yi ta tangaɗi, ya sauka. Ran 19 ga Nuwamba aka kwance igiyoyin. Cikin Maris 1961 ya tashi kamar sauran jirage, sa'an nan cikin Satumba aka haɗa biyun: ya tashi tsaye, ya juya bututu ya miƙe, ya komo ya tsaya cik, ya sauka.

Ba a sami wannan ilmi a banza ba. Cikin Disamba 1961 bututun gaba na jirgi na biyu ya ɓalle a sama, Bedford ya cilla kansa waje ya sauka da laima, jirgin ya tarwatse. Daga nan aka koma ƙera bututun da ƙarfe. Cikin Fabrairu 1963 ya sauke P.1127 a kan jirgin ruwan yaƙi Ark Royal, amma cikin Yuni, a bikin nunin jirage na birnin Faris, ɗan datti ya shiga na'urar juya bututu, jirgin ya faɗo a gaban jama'a. Matuƙin ya fita lafiya, aka gyara jirgin.

Daga P.1127 aka fitar da Kestrel, sunan wani tsuntsu dangin shaho mai iya tsayawa wuri guda a sama. An ƙera guda 9, kuma cikin 1965 matuƙa daga Ingila da Amurka da Jamus ta Yamma suka gwada su tare a West Raynham, suna tashi daga ciyawa da bakin daji. Sakamakon ya gamsar, aka inganta jirgin ya zama Harrier, wanda ya fara aiki a rundunar mayaƙan sama ta Ingila cikin Afrilu 1969. Wata guda bayan haka wani Harrier ya tashi daga filin ajiye kwal kusa da tashar jirgin ƙasa ta St Pancras a tsakiyar Landan, ya isa New York cikin awa 6 da 'yan mintoci.

Cikin yaƙin tsibiran Falkland na 1982, inda Ingila ba ta da filin jirgi a kusa, jiragen Harrier ne suka kare ayarin jiragen ruwanta. Ingila ta daina aiki da su cikin 2010, jirgin F-35B na Amurka ya gaji aikin.

Faransa ta gwada Mirage IIIV mai injuna 9, Jamus ta Yamma ma ta gwada nata, amma ko ɗaya bai wuce matsayin gwaji ba. Wanda ya ɗore shi ne mai inji guda da sanda guda, wanda aka bi shi taki taki daga turke har tsakiyar teku. Jirgin farkon nan da aka ɗaure a Dunsfold an ajiye shi a Gidan Tarihin Kimiyya na Landan.