Fitilun filin jirgin sama na Yamai: aikin da ke binne cikin ƙasa

Matafiyin da ya bi hanyar Doso da dare yakan hangi fitilu jere a filin jirgin sama na Diori Hamani. Ba don ado aka dasa su ba. Kowane launi magana ce da ake yi wa matuƙin jirgi: tsanwa na nuna mafarin hanyar sauka, wadda ma'aikata ke kira pisti, ja na nuna ƙarshenta, farare na bin gefunanta biyu, tsakanin kowace da ta gaba bai wuce metir 60 ba. Shuɗɗa kuwa su ke raka jirgi zuwa wurin tsayawa. A gefe akwai wasu guda huɗu: in matuƙi ya ga biyu fari biyu ja, gangarowarsa daidai take, in duka suka yi ja, ya yi ƙasa ƙwarai.

Babban aikin yana ƙarƙashin ƙasa. Ba a haɗa waɗannan fitilu kamar na gida. Waya guda ce ake binnewa, ta fita daga ɗakin injuna, ta zaga pisti, ta komo inda ta fito. Na'urar da ke ɗakin tana riƙe ƙarfin kuran bai ɗaya, amfer 6,6 in an kai shi matuƙa, don fitila ta kusa da ta nesa su yi haske daidai. Kowace fitila tana da ɗan tiransfo nata cikin rami mai murfi, saboda in ƙwai ɗaya ya ƙone sauran su ci gaba da ci. Wannan waya tana iya ɗaukar bolt dubbai, shi ya sa ba mai taɓa ta sai an yanke wuta an kulle makunni.

Galibi ana gina ramu da shimfiɗa waya a sa'o'in da ba jirgi. Kafin a sake buɗe pisti sai an cike rami, an tsince kowace ƙusa da guntun waya, domin injin jirgi na iya zuƙe su ya lalace. Da damana ruwa kan shiga ramun, ɓeraye su ci bawon waya. Da hunturu ƙura ke rufe gilashi, alhali lokacin hazo ne aka fi bukatar fitilun, har da rana tsaka.

Sai batun yankewar wuta. Ƙa'idar jiragen sama ta duniya ta ce, a filin da ake sauka da taimakon na'ura, gurup na ko-ta-kwana ya kama cikin sakan 15, wani wurin ma sakan 1. An ga muhimmancin wannan sharaɗi a watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa Yamai ta Birnin Kebbi.

An sabunta filin a 2019, gabanin taron shugabannin Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na Turkiyya ya yi aikin. Kula da zirga-zirgar jirage kuwa yana hannun hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959. Makarantarta ta EAMAC tana nan Yamai, inda ake horar da matasan ƙasashen Afirka da dama kan na'urorin filin jirgi da binciken yanayi.