Ƙofar da ake mantawa a buɗe a rumbun adana bayanai

Idan ana maganar tsaron rumbun adana bayanai, hankali kan karkata ga masu kutse daga waje. Amma sau da yawa ɓarakar tana cikin gida: izinin da manhaja ke bai wa kowane asusu tun ranar da aka girka ta, ba tare da kowa ya nema ba.

Misali shi ne PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai da aka fi amfani da su a duniya. Tana da wani rukuni mai suna PUBLIC, wanda duk asusun da aka buɗe yana cikinsa kai tsaye. Duk izinin da aka bai wa rukunin, kowa ya samu.

Shekara da shekaru rukunin yana da damar ƙirƙirar sabbin abubuwa a zauren da kowa ke amfani da shi a rumbun. A 2018 masu haɗa manhajar suka yi gargaɗi kan haɗarin hakan: ƙaramin ma'aikaci zai iya ɗana tarko ta hanyar ajiye umarni mai suna irin na wanda aka saba kira. Idan shugaban rumbun ya kira sunan, tarkon zai yi aiki da cikakken ikonsa.

Me ya sauya?

A watan Oktoban 2022, PostgreSQL 15 ta janye wannan dama daga kowa, ta bar wa mai rumbun kaɗai. Sai dai gyaran ya shafi sabbin rumbuna ne kawai. Wanda ya ɗaga tsohon rumbu zuwa sabon samfuri, tsohon izinin zai biyo shi, har sai ya janye shi da kansa ta umarnin REVOKE.

Har yanzu kuma PUBLIC yana iya shiga kowane sabon rumbu, tare da gudanar da ayyukan da aka rubuta a ciki. Umarnin ALTER DEFAULT PRIVILEGES yana takaita izinin gudanar da ayyukan, amma kan abubuwan da za a ƙirƙira nan gaba kawai. Na baya sai an bi su an gyara.

Don haka mai kula da rumbu ya fara da duba abin da PUBLIC ke iya yi, ya janye wanda ba dole ba, sannan ya bai wa kowane ma'aikaci izini daidai aikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.