Bambar Ƙarfe Ko Ta Alminiyon: Muhawarar Da Ta Raba Kan Masu Motocin Daji A Nima Da Maamobi

Duk ɗan kasuwar da ya sayo Hilux ko Land Cruiser ko Nissan Patrol ta hannu daga Tema ko Lome, ya shigo da ita unguwar Nima ko Maamobi da ke birnin Akra, wato Ankara kamar yadda iyayenmu ke kiranta, to kafin a gama yi masa Allah ya sanya alheri an fara ba shi shawara iri biyu. Wasu su ce ya cire bambar robar da ta zo da motar ya ɗaura ta baƙin ƙarfe, wasu kuma su ce ai ƙarfe tsohon yayi ne, ya nemi ta alminiyon, wanda a Kano ake kira goran ruwa. Tunda magana ce ta kuɗi masu kauri, wani lokacin ma ta rai, mun ga ya dace mu baje ta a faifai domin amfanin masu bin kasuwannin kan iyaka.

Hanya ce ta kawo wannan muhawara. Daga Akra zuwa Paga, inda ake ƙetarawa Burkina Faso, tafiya ce ta kimanin kilomita 800 ta Kumasi da Techiman da Tamale da Bolgatanga. Mai zuwa Bawku da Kulungugu kuwa, ko wanda ya bi ta gabas ta Hohoe da Nkwanta da Bimbilla da Yendi, ya san cewa da zarar ya sauka daga kwalta domin bin kasuwannin ƙauye neman hatsi ko albasa ko dabbobi, to ya shiga mulkin awaki da tumaki da jakuna. Akuya ɗaya ta isa ta fasa lagireto, kuma motar da lagiretonta ya fashe ta tsaya ke nan, ko da injinta sabo ne fil. Idan tumatir ne a baya, kowa ya san ƙarshen zancen.

Wannan irin bamba mai kama da garkuwa a ƙasar Ostireliya ta yi suna, inda direbobi ke karo da dabbar nan mai tsalle da ake kira kangaru. Can ne aka kafa kamfanin TJM a 1973 da ARB a 1975, waɗanda har gobe sunayensu ake kwaikwayo ana mannawa a jikin kayan da ba nasu ba. Masu saye a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai sai su lura, domin suna a jikin ƙarfe ba shi ne shaidar asali ba.

Babban abin da masu goyon bayan alminiyon ke tinƙaho da shi shi ne rashin nauyi, kuma suna da gaskiya. Idan aka ɗauki guntun ƙarfe da guntun alminiyon masu girma ɗaya, ƙarfen ya ninka shi nauyi kusan sau uku. To amma haka nan alminiyon ya fi saurin lanƙwasa kusan sau uku, saboda haka dole maƙera su ƙara masa kauri. Inda farantin ƙarfe mai milimita 3 ko 4 zai wadatar, na alminiyon sai ya kai 5 ko 6. Shi ya sa a ƙarshe sauƙin da ake samu bai kai yadda dillalai ke kururutawa ba. Cikakkiyar bambar ƙarfe ta a-kori-kura takan kai kilo 60 ko fiye, ta alminiyon kuwa ta tsaya wajen rabin haka ko sama kaɗan.

Kilo 60 ya fi buhun shinkafa guda, kuma buhu ne da mota za ta yi ta dakonsa dare da rana ba tare da an biya ko sidi ɗaya ba. Sannan wannan nauyi a can gaban tayoyin gaba yake rataye, don haka abin da ke sauka a kan sifirin da shokazoba na gaba ya zarce nauyin bambar kanta. Idan aka ƙara injin jan mota mai igiyar waya, an sake ɗora wasu kilo 30 ko fiye. Nan da nan za a ga hancin mota ya sunkuya, tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe, birki ya ƙara nisa, mai kuma ya ƙara tafiya. Wanda ya ɗaura ƙarfe bai canza sifirin gaba ba, makanike ne zai ci ribarsa.

Duk da haka, a ganinmu, ga wanda da gaske yake shiga daji ƙarfe ne ya fi dacewa, kuma hujjarmu ita ce gyara. Babu garin da za a je tsakanin Nima da Bawku a rasa mai walda da injinsa da sandunansa. Idan bambar ƙarfe ta lanƙwashe, sai a gasa ta da wuta, a daka ta da guduma, a liƙe inda ya tsage, kafin la'asar mota ta kama hanya. A Suame Magazine da ke Kumasi ma sabuwa dal za a ƙera maka daga faranti da bututu.

Alminiyon ba ya karɓar wannan wasa. Shi kansa yana narkewa a zafin digiri 660, amma akwai wata fata siririya da ke rufe samansa wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Wato kafin fatar ta saki, cikin ya zama ruwa ya zube. Kuma ba ya yin ja kamar ƙarfe balle mai walda ya gane ya kusa narkewa. Waldarsa mai kyau sai da inji na musamman da tukunyar iskar argon da kuma hannun da ya ƙware, waɗanda sai a manyan garuruwa ake samu. Bugu da ƙari, irin alminiyon da aka ƙarfafa da wuta a masana'anta yakan rasa wani babban kaso na ƙarfinsa a gefen da aka yi waldar, ta yadda wurin da aka gyara shi ne zai fara tsagewa a gaba. Idan kuma aka ce za a miƙe shi da guduma bayan ya lanƙwashe, sau da yawa darewa yake yi. Haka zalika girgizar hanyar burji mai gargada takan haifar masa da 'yan tsage-tsage a wajen ramukan noti, waɗanda ido ba ya gani sai sun yi nisa.

Abin mamaki a nan shi ne, Gana ƙasar alminiyon ce. Ana haƙo ma'adininsa a Awaso, kuma kamfanin VALCO da ke Tema ya fara sarrafa alminiyon tun 1967 da wutar madatsar ruwan Akosombo. Sai dai tubalan alminiyon daban, bambar mota daban. Akasarin na alminiyon da ake gani a gari shigo da su ake yi, farashinsu na bin dala, kuma waɗanda suka yi ciniki a 2022, lokacin da darajar sidi ta faɗi warwas, ba sa bukatar a yi masu bayani. Ta ƙarfe kuwa a gida ake yinta, da kuɗin gida, ana ma iya ciniki da maƙerin a kan a biya shi kashi-kashi.

Inda alminiyon ya yi wa ƙarfe fintinkau shi ne tsatsa. Iskar Akra iskar teku ce mai gishiri, kuma motar da ke zirga-zirga tsakanin Tema da Aflao a kan iyakar Togo kullum cikinta take. Bambar ƙarfen da aka fesa wa fenti sama-sama ba tare da jan fentin ƙasa ba, damina biyu sun isa su fara cinta, kuma daga cikin bututu take farawa, inda ruwa ke kwanciya. Maƙerin kirki yakan huda ƙananan ramuka a ƙasan bututun domin ruwa ya tsiyaye. To amma shi ma alminiyon yana da nasa ciwon. Duk inda ya haɗu da notin ƙarfe ga danshi ga gishiri, alminiyon ne ke cinyewa ya zama farin gari, sai an sa roba ko man shafawa a tsakaninsu. Motar da ke zaune a Tamale ko Bolgatanga, inda iska ta fi bushewa, wannan duka bai cika damunta ba.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ba su cika faɗa ba, wato yadda ake ɗaura bambar. Masu ƙera motocin zamani sun tsara gabansu ne ya murƙushe idan an yi karo, domin ya shanye bugun kafin ya isa ga mutanen ciki, sannan akwai na'urar da ke auna bugun ta buɗe jakar iska a daidai lokacin da ya kamata. Idan aka liƙa ƙarfe mai tauri kai tsaye a jikin shasi da walda, bugun zai wuce ne gaba ɗaya zuwa shasin. Sai a ga bamba lafiya lau, shasi ya karkace, kuma mota mai karkataccen shasi ta gama daraja a kasuwa. Jakar iskar ma tana iya buɗewa a makare ko kafin lokaci. Don haka da noti ake ɗaurawa, a kan ramukan da kamfani ya tanada. A kuma bar wa lagireto hanyar shan iska, domin zafin Bawku a watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40.

Kada kuma direba ya ɗauka garkuwa ta ba shi lasisin gudu da dare. Saniya mai kilo 300 idan aka buge ƙafafunta a guje, kan bonet take hawowa ta faɗo ta gilashi, ko da wane irin ƙarfe ne a gaba. Haka nan idan mota ta kafe a taɓo, musamman a watan Agusta da Satumba da ake sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, kada a ɗaura igiyar ja a jikin bututun bamba. Na alminiyon yagewa zai yi, na ƙarfe kuma idan waldarsa ta ɓalle sai ya taso kamar harsashi kan masu turi.

Daga ƙarshe motar nan gida za ta dawo, kuma gida shi ne titin Nima ranar Laraba, ranar kasuwa, da masu tura baro da 'yan mata masu dako a ka da yara 'yan makarantar allo suna fitowa daga lunguna a guje. Bambar roba takan lotsa idan ta bugi mutum. Garkuwar ƙarfe ba ta lotsawa, kuma tsayinta daidai yake da ƙirji ko kan ƙaramin yaro. Ta alminiyon ma ba ta da wani sauƙin kirki ga ƙashin ɗan Adam. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 wadda ta hana sayar da irin waɗannan garkuwoyi sai waɗanda suka ci jarrabawar kare masu tafiya a ƙasa, Indiya kuma ta haramta su a watan Disamban 2017. A nan gida, ya kamata mai mota ya tuntuɓi ofishin DVLA kafin ya sauya fasalin gaban motarsa, ya kuma tabbata bai rufe lamba ko fitila ba.

Mun lura da yawa daga cikin manyan motocin da ke ɗauke da wannan garkuwa a Maamobi da Kanda ba su taɓa wuce Nsawam ba, iyakarsu masallaci da wajen biki. Irin waɗannan, shawararmu su bar bambar da kamfani ya sa. Wanda kuma hanyar arewa ce abincinsa, ya sa ta ƙarfe marar kaifin baki, marar ƙahonni, ya canza sifirin gaba, sannan a tafiyar farko idan ya isa Tamale ya tsaya a sake ɗaure masa notunan, domin a kilomitocin farko ne suka fi kwancewa.