Yahaya da Yohanna: Asalin Suna Ɗaya da Sigoginsa

1.0 Gabatarwa

A unguwar Ketaren Gwari ta Minna, inda Hausawa da Gbagyi da Nufawa ke cuɗanya, ba abin mamaki ba ne a sami Yahaya da Yohanna suna haya a gida ɗaya, kowa na ɗaukan sunansa a matsayin tambarin addininsa. Wannan maƙala za ta nuna cewa mutum ɗaya ake wa takwara, wato ɗan Annabi Zakariyya, sai dai sunan ya shigo Hausa ta ƙofa biyu.

2.0 Asali da Yaɗuwa

Tushen sunan a Ibrananci shi ne Yohanan, ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri. Girkanci ya mayar da shi Ioannes, Latin kuma Iohannes. Daga nan aka sami John a Ingilishi, Jean a Faransanci, Juan a Sifaniyanci, da Ivan a Rashanci. Larabawa Kiristoci kuwa Yuhanna suke cewa.

Sigar Yahya ita ce ta Alƙur'ani, kamar yadda ta zo a Suratu Maryam, aya ta 7. Malaman tafsiri da dama sun danganta ta da saiwar Larabci mai ma'anar rayuwa. Wasu manazartan Turai kuwa sun yi hasashen cewa Yuhanna ce aka karanta daban, tunda ɗigo ne ke bambanta kalmomin biyu a rubutu. A ganina wannan hasashe bai da ƙwari, domin Alƙur'ani ta hanyar hadda aka fi riƙe shi, ba ta takarda kaɗai ba.

3.0 Shigowarsa Hausa

Yahya ta riga zuwa, tare da Musulunci. Da yake baƙin h bai cika rufe gaɓa a Hausa ba, sai aka cusa wasalin a, aka sami Yahaya, kamar yadda Ahmad ya koma Ahamadu a bakin wasu.

Abin lura shi ne, masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito a 1932, sun karɓi Ibrahim da Musa da Dauda yadda Hausawa suka san su, amma a nan sai suka zaɓi Yohanna. Fassarar 1979 ta koma kan Yahaya, har da bisharar da ke ɗauke da sunan. Sai dai a lokacin an riga an raɗa wa yara Yohanna shekaru da dama a Kudancin Kaduna da Filato da ƙasar Gbagyi, don haka Kirista kan karanta Yahaya a coci, ya koma gida ya kira ɗansa Yohanna.