Yayen Iri Kafin Dashe

A ƙasar Dutsi, cikin masarautar Katsina, da ruwa ya ɗauke wajen watan Oktoba, sai masu lambu su gangara fadamu da gefen madatsar Daberam su shiga renon iri, watau tumatir, da albasa, da tattasai, da attaruhu. Akan cuɗa ƙasar fangali da ruɓaɓɓen taki, a yafa iri, a kafa 'yar rumfar ciyawa bisansa. Wannan kowa ya sani. Inda hasara ta kan shigo shi ne makon ƙarshe.

Irin da ya tashi a inuwa, yana shan ruwa safe da maraice, kamar ɗan goye ne, bai san komi ba sai bayan uwa. Ga ido kore shar, amma ganyensa ba ƙwari, karansa ruwa ne zalla. Kadan aka tumɓuke shi haka nan aka kai fili, ga rana ga iskar hunturu, ga saiwa ta tsittsinke, sai ganye ya riƙa fitar da ruwan da saiwa ba ta iya mayarwa. Kafin azahar ya kwanta. Kuɗin iri sun tafi, wata guda na wahala ya bi su.

Saboda haka gwanayen lambu su kan yaye shi kwana 7 zuwa 10 kafin dashe. Da fari a buɗe rumfa da hantsi na ɗan lokaci, kullum a ƙara, har a ɗauke ta ɗungum. Ban ruwa a mai da shi sau ɗaya, amma fa ba har ya yi yaushin da ba zai farfaɗo ba. Takin zamani a dakata. Mutanen ƙasashen sanyi su ma haka suke yi bayan wucewar ƙanƙara, sai dai su ɗari suke tsoro.

Tumatir ya kan isa dashe a mako 4 ko 5, tattasai da attaruhu wajen mako 6, albasa kuwa 6 zuwa 8, sa'ad da ta kusa kaurin alƙalamin gamba. Ran dashe a jiƙe fangali sarai da safe domin iri ya fito da ƙasarsa, a dasa bayan la'asar, a bi shi da ruwa nan take. Jinkiri kuma yana da nasa lahani: tumatirin da furensa ya riski zafin Maris da Afrilu ya kan kakkaɓe.

Mai sayen iri ƙulli-ƙulli a kasuwa, kada tsawo ya ruɗe shi. Gajere mai kauri ya fi dogo siriri. Lalle ya juya ganye ya duba. A 2016 wata 'yar tsutsa mai huda cikin ganye ta halaka tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, kuma ƙwanta ya kan biyo iri daga wannan lambu zuwa wancan. Ganyen da aka ga farin tabo a jikinsa kamar an kankare, a bar wa mai shi kayansa.